Wasiƙa daga Shikago, daren 31 ga Oktoba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Inna da Baba, da Yaya, da Auta, da duk wanda ke cikin gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa za ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Maigida yana gaishe ku, takwarar Inna da ƙaninta kuma sun yi barci da sauran cakulan a gefen baki, shi ya sa na samu sukunin zama in rubuto. Na san Auta ta riga ta nuna muku hotunan da na tura da rana, kuma na san Inna ba za ta rasa tambayar abin da ya haɗa 'yarta da zanen gizo-gizo a kan abinci ba. Gara ku ji bayanin daga bakina tun kafin hoto ya yi mini shaidar da ban shirya ba.

Yau ce ranar da mutanen Amurka ke kira Halowin. Asalin sunan yana nufin jajibirin ranar tunawa da waliyyai, wadda Kiristoci ke yi ranar 1 ga Nuwamba, amma al'adun da ke cikinta sun haɗu da wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayilan da Sukotlan, kuma baƙin da suka yi ƙaura daga can a ƙarni na 19 ne suka kawo shi nan. A yau maƙwabtana ba sa kallonsa a matsayin ibada. Yara ne ke sa kayan dodanni da na mayu da na fatalwa, su bi gida-gida da yamma ana ba su alewa. Da na fara ganin haka a shekarar da muka zo, abin da ya faɗo mini a rai shi ne tashe, yadda yara ke shiga irin ta tsofaffi da gemun auduga bayan azumi ya kwana 10, su zagaya unguwa a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Bambancin shi ne tashenmu yana da waƙa da wasa da hannunka-mai-sanda, su kuwa yaran nan kalmomi uku kawai suke faɗa a bakin ƙofa su miƙa jaka. Abin da har yanzu ban saba da shi ba shi ne kabewa. Manya-manyan kabewa, irin wadda Inna za ta yi miyar taushe da ita har sau uku, sai a fafe ta a yanka mata idanu da haƙora, a sa fitila a ciki, a bar ta a ƙofar gida har ta ruɓe.

Ba zan ɓoye wa Baba ba, a cikin Musulmin garin nan akwai masu nisantar wannan rana gaba ɗaya, wasu masallatai ma sukan shirya wa yara wani taron daban a daren don kada su ji an bar su a baya, kuma ban ga laifin masu yin haka ba. Mu ma yaranmu ba su fita yawon gida-gida ba. Abin da ya faru shi ne, dattijuwar da ke zaune a hawa na ƙasa, wadda na taɓa ba ku labarin yadda ta riƙe takwarar Inna kwana biyu lokacin da na haihu, ita ce ke tara yaran benen namu kowace shekara a ɗakin taro na ƙasa, kowane gida ya kawo abin ci. Wannan mata ta hau bene da sandarta ranar Babbar Salla ta ci waina da miyar taushe a ɗakina, ta kuma tafi da dambun nama. Da ta ƙwanƙwasa ƙofata makon jiya ta ce ko zan gasa wa yara birawni, sai na ga haƙƙin maƙwabtaka ya hau kaina. Muka yi shawara da maigida, muka tsaya a kan cewa zan gasa, amma ni ce zan zaɓi abin da zan zana a kai.

Birawni wani abin gashi ne na cakulan da ake yankawa murabba'i-murabba'i. Idan Inna tana son ta gane shi, ta ɗauke shi a matsayin abin da ke tsakanin kek da tuwon madara: ba ya tashi ya yi sakaka kamar kek, yana da nauyi da danshi, yana ɗan kama haƙori. Mutanen Shikago suna alfahari da cewa a garinsu aka fara yin sa. Labarin da suke bayarwa shi ne, a 1893, lokacin babban baje kolin duniya da aka yi a nan, Bertha Palmer, matar mai otal ɗin Palmer House, ta nemi masu dafa abincin otal ɗin su yi wani abin zaƙi da ya fi yankan kek ƙanƙanta, wanda mata za su iya ɗauka a cikin akwatin abinci su ci ba tare da ɓata hannu ba. Har yanzu otal ɗin yana nan a tsakiyar gari, kuma yana sayar da shi.

Tun a kasuwa aikin ya fara, domin a ƙasar nan Musulmi ba ya sayen kayan zaƙi sai ya juya bayan kwali ya karanta. Ruwan banila da ake sa wa kek don ƙamshi, dokar ƙasar ta ce sai yana ɗauke da barasa aƙalla kashi 35 cikin 100 kafin a kira shi na ainihi, saboda haka na nemi na gari wanda babu ita a ciki. Akwai kuma wata farar alewa mai laushi kamar auduga da ake kira mashmalo, wadda ake yawan yin ado da ita a wannan biki, amma yawancin ta shagunan nan da jelatin na alade ake yin ta. Mai halal sai an je shagunan 'yan Pakistan da Indiya da ke titin Devon. Sai kuma maganar gyaɗa. A cikin yaran benen akwai wanda jikinsa ba ya karɓarta ko kaɗan, idan ya ci ko ɗan ɓurɓushi numfashinsa kan toshe har sai an garzaya da shi asibiti. Mu da muka tashi da ƙuli-ƙuli a aljihu abin yana ba mu mamaki, amma a nan ba a wasa da shi, don haka na wanke kowane kwano da ludayi sau biyu, na kuma duba cewa cakulan ɗin da na saya ba a sarrafa shi tare da gyaɗa ba. Garin kokon kuwa, ina nufin na cakulan, ba wanda muke sha da ƙosai ba, ya yi tsada ƙwarai tun 2024. Na tsaya riƙe da gwangwanin ina tunanin cewa fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Gana yake fitowa, ga kuma namu na Ondo, amma sai da na ƙetare teku na koyi gasa shi.

Ga yadda na haɗa, kuma Auta ta rubuta domin na san za ta tambaya. Na narkar da bota giram 225, tun yana da zafi na zuba sukari giram 400 na juya sosai, sannan na fasa ƙwai 4 ɗaya bayan ɗaya ina bugawa da maburgi har haɗin ya yi sheƙi. Wannan bugun shi ne sirrin ɓawon nan mai ƙyalli da ke tsattsagewa a sama, domin sai sukari ya narke a cikin ƙwan yake fitowa. Daga nan na tankaɗe garin koko giram 90 da fulawa giram 125 da rabin ƙaramin cokali na gishiri, na zuba, na juya a hankali da cokalin katako har farin fulawar ya ɓace, na tsaya. Idan aka ci gaba da juyawa bayan fulawa ta shiga, sai ya yi tauri kamar burodi. Ban sa hodar tashi ba, tunda ba tashi ake nema ba. Na shimfiɗa takardar gashi a cikin faranti mai faɗin santimita 23 da tsawon 33, na juye, na sa a obin mai zafin digiri 350 a ma'aunin nan, wato kusan 180 a namu.

A nan ne na yi kuskuren da ya ci mini faranti guda. Hannuna ya saba da kek, inda ake soka tsinken sakace a jira ya fito fes. Haka na yi ta jira har minti 40, da ya huce sai ga abu kamar busasshiyar gurasa. Maigida ya ce ba za a zubar ba, yana nan yana tsoma shi a shayi. Ashe birawni ana fitar da shi ne tun tsinken yana fitowa da ɗan danshi da ɓurɓushi a jikinsa, saboda zafin farantin yana ci gaba da dafa shi bayan an sauke. Na biyu na fitar a minti 27, na bar shi ya huce sarai, na sa a firji awa guda, sannan na yanka gida 24 da wuƙar da nake tsomawa a ruwan zafi ina gogewa bayan kowane yanka.

Wurin ado ne muka yi doguwar muhawara da takwarar Inna. Ta ga hotunan da ƙawayenta ke nunawa, inda ake kafa biskit a kan birawni kamar alamar kabari, a barbaɗa garin biskit baƙi a matsayin ƙasa, ko a zizara farin cakulan a naɗe yankan kamar gawa, a bar idanu biyu suna leƙowa. Na ce mata waɗannan biyun ba za su fito daga ɗakin girkina ba. Mu da muka ga an fitar da Kaka a cikin likkafani, muka kuma san abin da ake faɗa idan an wuce maƙabarta, hannuna ba zai iya mayar da wannan abin wasa a ba yaro ya ci yana dariya ba. Su mutanen nan a ganina suna yin haka ne don su rage wa kansu tsoron mutuwa, mu kuwa an koya mana mu tuna da ita cikin natsuwa. Ta ɓata rai, sai na zaunar da ita na ba ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi irin wadda Inna ke ba mu a tsakar gida, na ce ga namu abin tsoron da dariyar, kuma ya girmi nasu wayo. Nan take ta amince gizo-gizo zai zama sarkin farantin.

Yanar gizon ta fi sauƙi fiye da yadda take a hoto. Na zuba kirim mai zafi a kan baƙin cakulan har ya narke, na shafa a saman kowane yanki. Tun bai daskare ba na zuba narkakken farin cakulan a leda, na yanke ɗan bakinta, na zana da'ira uku, ƙarama a cikin babba, sannan na ja tsinken sakace daga tsakiya zuwa gefe sau takwas. Kowane ja yana lanƙwasa fararen layukan, sai ga yana ta fito kamar wadda ke kusurwar rumbu. Abin kiyayewa ɗaya ne, kada ko ɗigon ruwa ya taɓa farin cakulan yayin narkarwa, domin nan take yake dunƙulewa ya ƙi zuba. Gizon kansa ƙwallon cakulan ne da muka raba biyu, muka zana masa ƙafafu takwas, muka manna masa idanun sukari. Ɗan autana ya dage sai an sa wa wani idanu biyar, da na duba kuma na ga yawancin gizo-gizo idanu takwas gare su, sai na ƙyale shi. Sauran yankan muka yi musu kabewa da haɗin bota da garin sukari mai launin lemo, mashmalon titin Devon kuma muka yanka shi ya zama farin wata a bayan jemage.

Da ƙarfe biyar muka sauka da farantin. Yara 15 ne suka taru, kuma kafin a yi sallar magariba babu abin da ya rage sai takarda. Uwar yaron da ba ya cin gyaɗa ta tambaye ni abin da ke ciki, na lissafa mata ɗaya bayan ɗaya, ta bar shi ya ci biyu. Dattijuwar ta lura babu kabari a farantina, ta tambayi dalili, na faɗa mata kamar yadda na faɗa muku. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce tun da mijinta ya rasu ita ma ba ta ƙara rataya ƙwarangwal a ƙofarta ba. Daga nan ta sa takwarar Inna ta ba sauran yaran labarin Gizo, ta kuwa bayar da shi rabi da Turanci rabi da Hausa, har da "ƙurunƙus" a ƙarshe.

Auta, idan za ki gwada kuma babu wuta, ki zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ki bar shi ya yi zafi, ki ɗora farantin a kan murfin gwangwani don kada ya taɓa yashin, ki rufe, ki rage gawayi. Ki fara dubawa daga minti 25, kuma kada ki jira tsinke ya fito fes. Ki kai wa Goggo nata kafin Yaya ya gan shi.

Sanyi ya fara shigowa nan da iskar tafkin Mishigan, na san ku ma hunturu yana bakin ƙofa. Inna, idan an samu mai tahowa a aiko mini da kuka da daddawa, wadda na zo da ita ta kusa ƙarewa. A gaishe da Goggo da Kawu da maƙwabta, a kuma sa mu a addu'a. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
'Yarku da ke Shikago.