Eddie Aikau, Ɗan Hawai da Ya Haɗa Hawan Manyan Igiyoyi da Ceton Rai

Ya Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani wasa da shafukanmu na wasanni ba su cika leƙawa ba, wato hawan igiyar teku a kan allo, da kuma mutumin da nake ganin ya fi kowa cancanta a fara da shi: Eddie Aikau.

An haife shi a Kahului da ke tsibirin Maui, ɗaya daga tsibiran Hawai da ke tekun Fasifik, ranar 4 ga Mayu, 1946. Iyayensa suka koma tsibirin Oahu a 1959. Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta, ya kama aiki a masana'antar gwangwanin abarba, da albashin nan ya sayi allonsa na farko. Sunansa ya fito a Nuwamban 1967, ranar da teku ta tashi a gaɓar Waimea da ke arewacin Oahu, ya hau manyan igiyoyinta.

Sai an san Waimea za a gane girman abin da ya yi. Igiyoyinta daga nesa suke tasowa, daga guguwar hunturu a arewacin tekun Fasifik, su yi tafiyar dubban kilomita kafin su iso. Idan tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata ta kai daƙiƙa 20, tsawon kowace ɗaya a tsakiyar teku ya wuce mita 600. Ana iya wucewa ta kanta a jirgi ba a lura ba. Amma da ta iso kan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa a bakin gaɓar, gindinta ya rage gudu, samanta ya ci gaba, sai ta miƙe tsaye. Ƙa'idar ita ce igiya tana karyewa inda zurfin ruwa ya kai kusan tsayinta da sulusi. A babbar rana, fuskarta takan kai mita 12, kamar bene mai hawa huɗu yana tahowa. Tun da wani matashi mai suna Dickie Cross ya halaka a wurin a 1943 aka ƙaurace masa, har 1957 da Greg Noll da abokansa suka kuskura.

Allon irin wannan igiya daban yake da na wasan yara. Dogo ne, kusan mita 3 ko fiye, siriri, mai tsini gaba da baya. Dalilin tsawon shi ne gudu: mahayi yana kwance rub da ciki yana tuƙawa da hannu, kuma dole allon ya ɗauki saurin da igiyar za ta kama shi. Tsinin baya kuma shi ke riƙe ruwa kada allon ya zame gefe. Inda ake samun matsala wuri uku ne. Wanda ya yi jinkirin miƙewa, leɓen igiyar zai jefo shi daga sama. Wanda ya zuba nauyinsa gaba, hancin allon zai nutse a gindin igiyar ya kifar da shi. Iskar da ke hawowa ta fuskar igiyar kuma takan riƙe allon a sama har lokacin gangarowa ya wuce. Bayan faɗuwa, ruwan yakan danne mutum daƙiƙa 10 zuwa 20 yana juya shi. Wannan ba ya kisa idan an saki jiki. Abin tsoro shi ne igiya ta biyu ta rufo kafin ya fito ya shaƙi iska. A zamanin da Eddie ya fara babu igiyar ɗaure allo a ƙafa, babu rigar da ake hura wa iska ta taso da mutum saman ruwa. Idan allo ya tafi, sai iyo.

Ni dai abin da ya fi burge ni ba hawan ba ne. A 1968 hukumar birnin Honolulu ta ɗauke shi a matsayin ma'aikacin ceto na farko a gaɓar arewacin Oahu. An ƙiyasta ya ceto mutum fiye da 500, kuma babu wanda ya rasa ransa a Waimea yana bakin aiki. Babu babur ɗin ruwa a lokacin. Allo ne da ƙarfin dantse. Sirrin shi ne sanin hanyar ruwa. Duk ruwan da igiyoyi suka zubo a gaɓa sai ya koma teku ta wani mashigi mai zurfi, da ƙarfin da ya fi na kowane gwanin iyo. Baƙo yakan yi ta kokawa da shi yana neman tudu kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare, alhali mafita ita ce ya yi iyo gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga jan. Mai ceto kuwa wannan mashigin yake bi ya isa wurin wanda ke nutsewa da wuri, ya ɗora shi a allo, ya ƙirga igiyoyin da ke zuwa rukuni-rukuni, sai an samu lafawa ya shigo da shi. Masu ɗaukar Eddie a matsayin mai ganganci ba su yi masa adalci ba.

A 1977 ya lashe gasar hawan igiya ta Duke Kahanamoku. Shekara ɗaya bayan haka ya shiga ayarin Hokule'a, kwalekwalen gargajiya mai gangar jiki biyu da aka ƙera don nuna cewa kakannin mutanen Hawai sun ratsa teku da taurari, ba da na'ura ba. Sun tashi ranar 16 ga Maris, 1978 za su tsibirin Tahiti, tafiyar kusan kilomita 4,000. A daren nan ruwa ya shiga ɗaya gangar, kwalekwalen ya kife kudu da tsibirin Molokai. Washegari Eddie ya hau allonsa ya nufi tsibirin Lanai neman agaji, ya ma cire rigar ceto don tana hana shi tuƙi. Wani jirgin sama na fasinja ya hango wutar neman agaji da sauran suka harba, aka kwashe su duka da rai. Shi ba a sake ganinsa ba. Shekarunsa 31.

Da ciwo nake faɗi, amma waɗanda suka manne da kwalekwalen su suka tsira, domin daga sama ana hango jirgi da ya kife, ba a hango kan mutum ɗaya. Masu shiga kwalekwale a Kogin Kwara su riƙe wannan, su kuma bar rigar ceto a jikinsu. Ƙungiyar Hokule'a ta gyara: a tafiyar 1980, wadda Nainoa Thompson ya nuna wa hanya da taurari, da jirgin rakiya aka tafi.

Gasar da ake yi da sunansa a Waimea ba ta da tsayayyar rana. Ba a buɗe ta sai igiyoyi sun kai ƙafa 20 a ma'aunin mutanen Hawai, kusan ƙafa 40 ke nan ta fuska, kuma da hannu ake tuƙawa, ba a jan kowa da inji. Shi ya sa shekaru kan wuce ba a yi ba. Ƙanensa Clyde ya lashe ta 1986. Ta Janairun 2023 kuwa Luke Shepardson ne ya ɗauka, ma'aikacin ceto da ke bakin aiki a ranar, wanda ya riƙa barin hasumiyar gadi ya yi zagayensa ya dawo. Ina roƙon shafinku na wasanni ya kawo mana rahoton gasar a duk hunturun da aka samu yin ta.

Naku,
Mai bibiyar wasannin ruwa