Kafin a sayi azurfar Bali

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Na karanta abin da kuka buga kan yawon buɗe ido a tsibirin Bali na ƙasar Indonesiya, na sha kallon hotunan bakin teku da gonakin shinkafa. Amma da aka zo kan kayan ado sai marubucin ya wuce da layi ɗaya, wai azurfa tana da araha a can, kowa ya saya. Wannan layin zai iya jawo wa wata baiwar Allah asara, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni 'yar kasuwa ce, kayan lefe nake haɗawa. Sana'ar ce take kai ni Jakarta, kasuwar Tanah Abang, inda mutanenmu suka daɗe suna saro yadi da dogayen riguna da mayafai. Daga Jakarta zuwa Denpasar, babban birnin Bali, jirgi ba ya cika awa biyu, to idan na gama lodi nakan leƙa. Bizar ce mai wuya, don ɗan Najeriya ba ya samunta a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida ya jira. Kuma tun Fabrairun 2024 Bali ta sa wa kowane baƙo harajin rupiya 150,000.

Mu nan idan mace ta sayi sarƙar gwal, ado ta saya kuma ajiya ta yi. Ranar da kuɗin makaranta ya taso ko aka kwantar da wani a asibiti, sai ta kai kasuwa a ɗora a sikeli a ba ta kuɗinta, wani lokaci har da riba. Da wannan lissafin matanmu suke shiga shagon azurfa a Bali, kuma lissafin ba ya aiki a can. Azurfar ma ba a tsibirin ake haƙo ta ba, shigo da ita ake yi. Abin da Bali take sayarwa shi ne aikin hannu. Ɗan kunnen da bai wuce giram biyar ba, kuɗin ƙarfen da ke jikinsa kaɗan ne, sauran duk ladan maƙeri ne. Idan kika dawo da shi Kano kika ce za ki sayar, nauyin kawai za a biya ki, aikin kuwa ya tafi a sadaka. Saboda haka mai neman ajiya ta riƙe kuɗinta ta sayi gwal. Mai son ado kuma ta tabbatar aikin hannun da ta biya shi aka ba ta, don ba duk abin da ke cikin gilashi a Bali ne hannu ya yi ba.

Garin maƙeran sunansa Celuk, ana furta shi Caluk, a gundumar Sukawati ta yankin Gianyar, kan hanyar da ta tashi daga Denpasar zuwa Ubud. Ƙauyukan wannan hanya kowanne da sana'arsa: Batubulan sassaƙar dutse, Mas sassaƙar itace, Celuk azurfa da zinariya. Ƙira a Bali gado ce ta zuriyar da ake kira Pande, kuma kafin zuwan Turawa masu yawo aikinsu na fada ne da wuraren ibadarsu, tasoshin azurfa da suke ce wa bokor, da kuben wuƙar keris, da ɗan kunnen mata mai suna subeng. Yanzu kam waɗanda ba 'yan gado ba ma sun shiga, kusan kowane gida akwai mai yi.

Babban titin Celuk manyan shaguna ne masu na'urar sanyaya ɗaki da filin ajiye motocin safa. Ni ba na tsayawa nan. Lungunan baya nake shiga, inda za ka ji ƙarar guduma daga cikin gida. A wani gida da nake zuwa, maigidan yana zaune kan ɗan benci, ƙafarsa ɗaya tana taka zuga-zugi, wutar tana fita ta bakin wani ɗan bututu a hannunsa. Yana narka zallar azurfa da ɗan jan ƙarfe, ya zuba ta zama ɗan sanda, ya matse a inji, sannan ya riƙa jan ta ta cikin ramukan wani faifan ƙarfe, daga babban rami zuwa ƙarami, har ta koma waya siririya. Wayar nan yake yankawa gutsi-gutsi ya watsa kan gawayi ya kai mata wuta, sai kowane gutsure ya dunƙule da kansa ya zama ɗan ƙwallo kamar ƙwayar gero. Waɗannan ƙwayoyi su ne jawan, kuma su ne tambarin aikin Bali.

Matarsa ce take jera su. Da ɗan hantsaki take ɗaukar ƙwaya ɗaya, ta dangwala a wani manne da suke yi da jajayen 'ya'yan itacen da suke kira piling-piling (da na gan su a kwano na ce ai idon zakara ne), ta ajiye a gefen wayar da ta riga ta lanƙwasa ta yi siffar reshe mai yaɗo. Ɗaya bayan ɗaya, tabarau a kan hanci, rediyo na yi, jikarta na barci a gefe. Idan ta gama sai a barbaɗa garin liƙi a mayar wuta. Nan ne gwanintar take, don in wutar ta yi kaɗan ƙwayoyin za su zube, in ta yi yawa su narke su haɗe, aikin yini ya lalace. Daga nan a dafa kayan a ruwan tsamiya da gishiri, a shafa baƙi ya shiga ƙasan zanen, a goge saman ya yi haske. Wannan baƙin da gangan ake sa shi. Na taɓa sayar wa wata uwar amarya munduwa, ta kwana tana dirza ta da toka wai datti ne, washegari ta dawo min da ita fara fat tana cewa zanen ya ɓace.

Wanda ya zauna ya ga wannan aikin ba zai taya shi da wulaƙanci ba. Matsalar ita ce akwai na zubi. Ana ɗaukar zobe ɗaya na hannu a yi masa mazubin roba, a fitar da ɗaruruwa irinsa, a jera su a shago a kira su aikin hannu. Gane su ba wuya in an natsu. A ce wa mai shago ya kawo guda uku iri ɗaya a jera a tafin hannu. Na hannu ba sa taɓa zama daidai, wata ƙwayar ta ɗan fi wata, wani lanƙwasan ya ɗan karkace. Na zubi kuwa komai ɗaya ne, har inda aka yi kuskure a wuri ɗaya yake a dukkansu, kuma ƙwayoyin ba su tsaya da kansu ba, gindinsu a shafe yake da jikin zoben. A juya bayansa ma a duba. Ni ban ce na zubi haramun ne ba, ina sayensa don 'yanmata masu ƙaramin ƙarfi. A dai sayar da shi da sunansa da kuɗinsa.

Sai maganar ƙarfen. Lambar 925 da ake bugawa a cikin zobe tana nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran 7.5 yawanci jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Amma abin buga lambar kowa na iya mallakarsa, saboda haka ganinta ba hujja ba ce. Ina yawo da ɗan mayen ƙarfe a jakata: azurfa ba ta bin sa, duk abin da ya manne to a ajiye. Sai dai wannan rabin gwaji ne, don tagullar da aka yi wa ruwan azurfa ita ma ba ta mannewa. Akwai kuma wani farin ƙarfe da suke kira alpaka, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya, babu ko ɗigon azurfa a cikinsa, kuma shi ne yake sa kunnen wasu mata ƙaiƙayi da ruwa. A kasuwar tsaraba ta Sukawati da ta Ubud irin wannan ya fi yawa a kan tebura. In an ga awarwaro mai nauyi ana ba da shi kuɗin kwanon abinci, ai araha ba ta ado. Mai sayar da ta gaske ba ya jin haushi in an ce ya ɗora a sikeli, ya rubuta giram da lambar 925 a rasit. Wanda ya ɓata rai ya riga ya ba da amsa.

Direbobi kuma a yi hattara da su, ba don mugaye ne ba. Yawancin manyan shagunan suna ba direba ko ɗan rakiya la'ada a kan duk abin da baƙonsa ya saya, kuma la'adar daga aljihun baƙon take fita. Wani direba ya taɓa rantse min cewa lungunan baya duk sun rufe saboda biki, sai shagon ɗan'uwansa ne a buɗe. Na ce ya sauke ni a bakin titi ya jira. Ban yi taku hamsin ba na ji guduma. Gara a yi ciniki da direba kan kuɗin yini, a ƙara masa wani abu, a gaya masa tun farko cewa ba a son a kai mutum shagon kowa.

Ciniki a can bai bambanta da namu sosai ba, sai dai ba a ɗaga murya, da murmushi ake yi. Kalma uku sun isa: perak azurfa, berapa nawa, mahal ya yi tsada. Sauran kalkuleta ce, ya danna ki danna. A kasuwar tsaraba ana iya farawa daga ƙasa da rabin abin da aka faɗa. A gidan maƙeri kuwa ragin kaɗan ne, kuma ni ina jin nauyin matsa wa wanda na ga yadda idonsa yake shan wahala. Da safe ya fi, don suna son cinikin farko, har za ka ga mai kaya ta ɗauki kuɗin tana kaɗa su a kan sauran hajarta don neman sa'a. A lura da sifili: dala ɗaya ta haura rupiya 15,000, to in an rubuta 350 a jikin kaya, 350,000 ake nufi. Canji kuma a yi shi a banki ko wurin da ke da lasisi, a ƙirga kuɗin a gabansu, kada a mayar musu da su hannu bayan an ƙirga.

Abin da ya fi damuna da marubucinku bai taɓo ba shi ne zanen da ke jikin kayan. Indonesiya ƙasar Musulmi ce mafi yawan jama'a, amma mutanen Bali mafi yawansu mabiya addinin Hindu ne, kuma adonsu da ibadarsu a cakuɗe suke. Abin wuya mai kan giwa Ganesha ne, ɗaya daga abubuwan bautarsu. Fuskar nan mai zazzaro ido da haƙora Barong ne. Akwai wani harafi mai lanƙwasa da ake sa wa a zobe da sarƙa, Ongkara, alamar addini ce. Sannan zaren hannu mai launi uku, ja da fari da baƙi, da ake ƙara wa ɗan dutsen azurfa a sayar wa baƙi, sunansa tridatu, launukan suna wakiltar Brahma da Shiwa da Wishnu. Na ga yarinya da shi a wani biki a nan Kano, ita a ganinta kwalliya ce. Su maƙeran ba sa ɓoyewa, in an tambaya za su faɗa, kuma suna da zanen fure da ganye da igiya da saƙa da ba ya ɗauke da komai. Haka nan a ƙofar kowane shago akwai ɗan faifan ganye da furanni da turare a ƙasa, sadakarsu ce ta safe. Ba namu ba ne, amma a tsallake, kada a taka.

Ga alhazai, zoben azurfa na maza yana da kyau a can, kuma za a daidaita shi da yatsa kafin a gama shan shayi. A dai tambaya ko an yi masa ruwan gwal. Duwatsun da ake ɗorawa da yawansu gilashi ne, to in ba a san dutse ba a biya kuɗin gilashi. Kayan ƙashi da ake sassaƙawa a Tampaksiring a tambayi ƙashin mene ne. Na ƙoƙon kunkurun teku da baƙin murjani kuwa a bar su inda aka gan su, doka ta hana, kuma a filin jirgi ba a sauraron "ban sani ba".

'Yan'uwana masu saro don sayarwa, abu biyu. Malamai sun ce cinikin azurfa da kuɗi hannu da hannu ne, to mai son ba da aiki a ƙera mata a aiko daga baya ta fara tambayar malaminta yadda za ta yi. Kuma abin da aka ajiye don kasuwanci yana shiga lissafin zakka, ba kamar na sawa ba. In kaya sun iso, a ɗaure kowanne a 'yar leda a fitar da iska, don damina tana baƙanta azurfa, turare da man shafawa ma haka. A gaya wa mai saye ta riƙa gogewa da tsumma mai laushi, ban da toka, ban da soson ƙarfe.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Taku,
Mai haɗa kayan lefe, Kano