Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni ko zan bar ɗana ya yi wasan gem

Assalamu alaikum.

Alhaji, ranka ya daɗe, a taron iyaye da malamai na makon jiya ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni ko zan yarda ɗan cikina ya yi wasan gem, tunda na ce yaro yana iya ƙaruwa da shi, sannan ka ƙara da cewa wataƙila ina da hannun jari a gidan gem na bakin kasuwa. Batun hannun jari na bar wa waɗanda suka san albashin malamin makaranta su yi dariyarsa.

Abin da ya sosa mini rai shi ne nunin da ka yi cewa ina tura 'ya'yan mutane inda nake killace nawa, ni da na shekara 19 riƙe da alli a garin nan, har da 'ya'yanka biyu suka bi ta hannuna. Ɗana yana wasan, kuma ina zama kusa da shi. Da idona na ga yana ƙirga tubala a Minecraft, wani gem na gine-gine, yana lissafin tsawo da faɗin ɗaki kafin ya aza harsashi, yaron da sai an kai ruwa rana yake buɗe littafin lissafi. Wasan ya fito a 2011, kuma tun 2016 akwai nau'insa na musamman domin makarantu.

Na kuma ga abin da bai yi mini daɗi ba. Ranar da abokansa suka yi sallama da laƙabin da ya raɗa wa kansa a gem ɗin harbe-harbe na Free Fire, ya amsa da rawar jikin da bai taɓa amsa sunansa na yanka da ita ba, kuma a daren muka yi doguwar magana a kan ko shi wane ne.

Ka kafa hujja da Hukumar Lafiya ta Duniya. Gaskiya ne a 2019 ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, amma sai wasan ya danne karatu da sauran al'amuran rayuwa, galibi na tsawon wata 12, ba kowane yaro mai riƙe da waya take nufi ba.

Da ka tambayi inda yaran unguwarmu za su yi wasa bayan la'asar, da na fi ganin kishinka. Filin ƙwallon da muka taso a cikinsa an yanka shi filoti-filoti an jera shaguna, kuma ka fi ni sanin wanda ya yi dillancinsa.

Wassalam, naka malamin lissafi.