Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Koya a Gidan Rumawa na Chedworth

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Kamar yadda muka amince a babban taron bara, bana mun tattara hankalinmu kan wuri ɗaya, wato gidan gonar Rumawa da ke Chedworth a gundumar Gloucestershire ta Ingila. Zaman karatu na wata-wata ya gudana ta intanet, sannan da bazara muka kai ziyara da iyalai.

Zaman farko ya tsaya kan yadda aka gano wurin. A 1864 ne wani mai gadin dajin farauta ya ci karo da ƙananan duwatsun daɓe yana tona rami, James Farrer, wani mai binciken kayan tarihi, kuma ya jagoranci haƙar da ta biyo baya. Tun 1924 gidan yake hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila. A zaman, an yi muhawara mai zafi kan aikin masu haƙa na zamanin Farrer, domin bango da daɓe suka bi, ba su damu da rubuta abin da ke cikin kowane hawa na ƙasa ba. Wannan sakaci har yau yana wahalar da masu bincike.

Inda muka fi daɗewa shi ne matakan zaman gidan. A farkon ƙarni na 2 gine-gine ne madaidaita, a rarrabe, da ɗakin wanka ɗaya. Sai a ƙarni na 4 masu gidan suka haɗe sassan da baranda, suka kewaye fili a tsakiya, suka faɗaɗa ɗakin cin abinci, wuraren wanka suka zama biyu. Yaranmu sun yi mamakin yadda ake hura wuta a waje, iska mai zafi ta bi ta ƙarƙashin daɓen da aka ɗora kan gajerun ginshiƙai. A daɓen ɗakin cin abincin akwai siffofin lokutan shekara, kuma wanda ke wakiltar hunturu yana sanye da mayafi mai hula, riƙe da zomo. Can gefe ga ɗakin bauta da aka gina a bakin maɓuɓɓuga, da tafki mai kusurwa takwas, ruwan kuwa har yanzu yana gudana. An samu alamar Kiristanci sassaƙe a duwatsun da suka kewaye tafkin a da.

Abin da ya fi jan hankalin kwamiti shi ne ɗakin da masu bincike suka ba lamba 28. An daɗe ana koyar da cewa bayan ƙarewar mulkin Rum a Birtaniya wajen 410, irin waɗannan gidaje sun zama kango nan da nan. To, a 2020 Martin Papworth, masanin haƙar kayan tarihi, da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin kabon, wato gwajin gano shekarun abu, da aka yi wa gawayi da ƙashi daga ramin harsashin wani bangon ɗakin: ba a gina shi ba sai bayan 424, daɓen ado na ɗakin kuma ya zo bayan bangon. Aikin bai kai na ƙarni na 4 kyau ba, akwai kurakurai a zanensa. Amma ai wani ya biya kuɗi, wani gwani kuma yana raye ya yi aikin. A ganinmu wannan daɓe ya cancanci zama na musamman, kuma mun sa shi a jadawali.

Fassarar bayanin gidan zuwa Hausa domin yara ta kai rabi. Muna neman masu duba rubutu. Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi daban, muna kuma roƙon waɗanda ba su biya kuɗin shekara ba su taimaka kafin taro.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu je gidan tarihi na Corinium a Cirencester, birnin da ke kusa, mu kwatanta daɓen can da na Chedworth. Mai son shiga tafiyar ya ba da sunansa a taro mai zuwa.

Allah ya saka wa kowa da alheri.

Sakataren ƙungiya