Wasiƙa Zuwa Ga Auta a Abuja

Anguwan Rogo, Jos.

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, ka kuma fara sabawa da zafin Abuja. Mu nan sanyi ya sauko, har mahaifiyarka ta ciro bargunan nan daga ƙasan akwati. Ta ce a tambaye ka ko yajin da ta ƙulla maka ya ƙare.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ka ji abin da ya faru da kawunka na Gangare, amma rabi ka ji. Wani ne ya kira shi da sallama mai daɗi, ya ce ana taron 'yan kwamiti ta waya, an turo masa lambobi shida, ya karanto don a saka shi. Ya karanto. Kafin la'asar WhatsApp ɗinsa ya koma hannun wani. Da magariba saƙo ya shigo mini da sunansa da hotonsa, wai matarsa tana asibiti, a taimaka cikin sirri. Na tura naira dubu arba'in. Kada ka yi dariya. Ɗan'uwana ne, da daddare ne, kuma an ce asibiti. Wa zai tsaya bincike? Har yau mahaifiyarka ba ta san adadin ba, kuma ba daga bakinka za ta ji ba.

Kuɗin ba su ne suka hana ni barci ba. Ranar Juma'a na ga kawun naka a bakin masallaci yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana rantsuwa ba shi ya roƙe su ba. Dattijo mai furfura, wanda ko lokacin da kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 ta cinye masa shago bai miƙa wa kowa hannu ba. Wannan hoton ne ya tsaya mini a rai. Sai na tuna da kai, da imel ɗinka.

Na sa yayarka ta gwada shiga. Sau biyu kacal ta gwada: sunan da muke kiran ka da shekarar haihuwarka. Auta, wannan ne makullin? A cikin imel ɗin nan akwai takardunka na JAMB, na bautar ƙasa, saƙonnin bankinka, hoton takardar gidan nan, har bayanin fanshona, tunda da shi ka yi mini rajista. Duk wanda ya riƙe shi sai ya ce ya manta kalmar sirri, a turo masa sabuwa, ya bi Facebook ɗinka da sauran ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai roƙo da sunanka, da sunan gidan nan. Na san za ka ce Baba ya cika tsoro. Haka ka ce lokacin maganar babur, ka kuma san inda muka kwana a daren.

To ga abin da nake so ka yi yau, ba gobe ba. Yayarka ta zaunar da ni ta koya mini, na yi wa nawa, don haka kada ka ce da wuya. Canza kalmar sirrin, ka sa mai tsawo wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Sannan ka shiga ɓangaren tsaro na asusunka na Google ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Kamar ƙofar zaure ce da ta cikin gida: ko ɓarawo ya sami kalmar, sai an nemi wata lamba da wayarka kaɗai ke da ita. Kada ka dogara da wadda ake turowa ta tes. In an fizge maka waya sai a zare layin a sa a wata, ko a je a yi masa walkam-bak da yaudara, wato a karɓo sabon sim da lambarka, lambar ta riƙa zuwa musu. Sauke manhajar Google Authenticator a wayarka. Lambobi shida yake bayarwa, suna canzawa duk daƙiƙa 30, ko babu sabis. Layin ma ka sa masa PIN, tunda kullum kana shiga motar haya daga Kubwa, kuma labarin 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin mota, ya iso mu.

Za kuma su ba ka lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace sau ɗaya take aiki. Rubuta su a takarda da biro, ba hoto a waya ba. In ka zo Sallah ka kawo kwafi in sa a gwangwanin da takardar gida take. Lambar da ta shigo wayarka kuwa, ko da muryata aka kira ka, kada ka karanta wa kowa.

Na yi maka faɗa, na sani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kai ne ka fi kowa nisa da ni yanzu, kuma ban taɓa jin abin kunya daga wajenka ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka.

In ka gama ka kira ni bayan isha'i. Yayarka za ta sake gwadawa ranar Asabar.

Mahaifinka.