Zane Biyu a Zaure Ɗaya

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ka yi haƙuri da dogon shiruna, aiki ne ya sha mini kai.

Ranar Asabar na shiga gidan tarihi na Louvre a nan Paris, kuma tun da na fito wani zane ya hana ni sukuni. Wani mai zane Bafaranshe, Géricault, ne ya yi shi, aka baje shi a 1819, faɗinsa ya haura mita 7. Abin da ya zana ya faru. A watan Yulin 1816 jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse yana kan hanyar Senegal, ya kafe a rairayi kusa da gaɓar Muritaniya. Kyaftin ɗin rabonsa da tuƙi ya fi shekara 20, biyayyarsa ga gidan sarauta ce ta ba shi muƙamin. Kwale-kwale ba su isa ba, sai aka ɗaɗɗaure katakai aka loda mutum kusan 147, aka ɗan ja su, sannan aka saki igiya. Kwana 13 suna gararamba a teku, ƙishirwa, kashe-kashe, har cin naman gawa. Mutum 15 aka tsinta da rai.

Géricault ya zauna da waɗanda suka tsira, ya riƙa zuwa asibiti yana zana gawarwaki. A zanen, mutanen suna kan katakan. A can sama wani baƙar fata yana kaɗa ƙyalle ga jirgin da bai wuce ɗigo ba a nesa. A ƙasa wani dattijo ya riƙe gawar wani saurayi, ya juya wa ceton baya, ya yi tagumi. Wallahi shi na kasa daina kallo.

A zauren kuma akwai zanen wani Bafaranshen, Delacroix, na juyin juya halin Faransa na 1830: mace ba takalmi, tuta a hannu, tana tsallake matattu. Ba wata mace ba ce da aka haifa, 'yanci ne aka yi wa jiki da fuska. Zanen ya yi kyau, amma tutar ce ke ɗauke ido, matattun sun zama matakala. Na gama kallonsa ban tambayi ko su 'ya'yan wa ba ne, wannan kuwa ya dame ni.

Na sayi ƙananan hotunansu biyu, zan sako maka. Ka duba dattijon da kyau, ka rubuto mini abin da ka gani.

Ka gaida Baba da sauran mutanen gida.

Naka amini