Kalmar "run" a tsofaffin jaridu da tarkon da take ɗana wa masu fassara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata 'yar kalmar aikatau ta Turanci, wato "run", wadda 'yan jaridar Amurka da Ingila suka yi ta sarrafawa yadda suka ga dama a shekarun 1950 zuwa 1960, kuma har gobe take kayar da masu mayar da labarai zuwa Hausa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wasu tsofaffin jaridu da na tarar a adakar mahaifina, Allah ya jiƙansa, takardun sun yi jawur, gara ta ɗan taɓa gefensu. A makaranta an koya mana cewa kalmar gudu take nufi, amma in ban da shafin wasanni, da ƙyar na ga inda wani ya sheƙa da ƙafafunsa. Idan ta zo da sunan kamfani, riƙon ragamarsa ake nufi. Idan jarida ce ta aikata, to labari ta buga. Ga jirgin ƙasa kuwa zirga-zirgarsa ce tsakanin tashoshi, ga yarjejeniya kuma tsawon wa'adinta. Haruffanta uku ne kacal, kuma a zamanin da ake jera haruffan dalma don buga jarida, duk kalmar da za ta shige cikin ƙuntataccen layin kanun labari ba ta rasa masoya.

A fagen siyasa ne tarkon ya fi kamu. Lokacin da Kennedy ya kara da Nixon a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na Nuwamba 1960, jaridun Amurka da wannan kalma suka bayyana takararsu, alhali Turawan Ingila, waɗanda muka gaji salonsu har muka yi zaɓen tarayya na Disamba 1959 a kansa, cewa suke yi "stand", abin da ya yi daidai da tsayawa takara a bakinmu. Ni kaina na taɓa faɗawa ciki sa'ad da nake sabon shiga aikin fassara, na rubuta cewa wani sanata zai gudu saboda kujerar shugaban ƙasa. Dattijon da ke duba mana aiki ya sauke tabarau, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, wa ya biyo shi?"

Masana ma sun lura da yawan fuskokinta. A Jami'ar Brown ta Amurka, Nelson Francis da Henry Kučera sun tattara kalmomi kimanin miliyan ɗaya daga rubuce-rubuce 500 da aka buga a 1961, 44 daga ciki rahotannin jarida ne, kuma wanda ya jera jimlolin da kalmar ta fito zai ga cewa maƙwabtanta ne ke yanke mata ma'ana. Masu sabunta babban ƙamus na Oxford kuwa sai da suka ƙirga mata ma'anoni 645.

Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma muna cin zaɓe, mu ci kasuwa, mu ci bashi, wani ya ci amana, ba tare da an kai loma ko ɗaya baki ba. Su Malam Abubakar Imam, da suka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, sun yi suna ne saboda Hausar da za a karanta a dandali kowa ya gane.

Kukana shi ne, yanzu mun samo wa "run" 'yar'uwa, wato "gudanar da", mun ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. A gudanar da taro, a gudanar da bincike, har na taɓa karanta cewa an gudanar da addu'a kuma wata jarida ta gudanar da labari. Ina roƙon ka, ranka ya daɗe, ka umarci masu tace labaranku su riƙa barin addu'a a yi ta, labari kuma a buga shi.

Naka mai karatu,
Wani tsohon mai fassara, Zariya